Gasasshe ko ɗanye: yadda za ka zaɓi gilashin ƙofar wanka da na sauran gida a Damagaram

Farkon shekarun da na buɗe shagon alminiyon da gilashi, wani Alhaji da ya gama sabon gini ya kira ni in yi masa ƙofar wurin wanka irin wadda ya gani a masaukinsa na Saudiyya. Na auna, na koma shago, na ɗauko gilashin taga mai kaurin milimita 5, na yanka da hannuna, na kewaye shi da alminiyon, na ɗora. Kowa ya gani sai ya yaba. Da ɗari ya shigo, ɗansa mai shekara tara ya zame a kan karo, wato tayil ɗin daɓe, mai sabulu, ya kai hannu zai dafa ƙofar, ta fashe, wani tsini kamar takobi ya buɗe masa dantse. Allah ya tsare babbar jijiya, amma ɗinkin da aka yi masa ba kaɗan ba ne. Washegari Alhaji ya zo shago, ko murya bai ɗaga ba. Ya ce, "Malam, ba rigima ta kawo ni ba, tambaya ce. Can inda na ga irin ƙofar nan, su ma haka take yanka musu ƴaƴa?" Na ce, "Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Ban sani ba, amma in Allah ya yarda zan bincika."

Abin da binciken ya koya mini shi ne, duk gilashi yana fashewa, komai kaurinsa, komai tsadarsa. Tambayar da ta kamaci mai gida ita ce: ranar da zai fashe, yaya zai fashe, kuma wa ke tsaye kusa da shi? A banɗaki amsar ta biyu a fili take, mutum ne ba riga, ba takalmi, ƙafarsa a kan santsi.

Mataki na farko: ka san su ta yadda suke fashewa

Gilashin da ke jingine a yawancin shagunanmu shi nake kira ɗanye. Da hanyar da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana a 1959 ake yin kusan dukkansa: a zuba narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza, ya shimfiɗu sumul, a bar shi ya huce sannu a hankali. Yana yankuwa cikin sauƙi, yana da araha, in kuma ya fashe sai ya zama dogayen wuƙaƙe. Shi ne ya yanki yaron nan. Ƙara masa kauri ba ya canja halinsa, wuƙar ce kawai take ƙara nauyi.

Gasasshen gilashi daga ɗanyen ake yin sa. Bayan an yanka shi daidai awo, an goge bakinsa, an huda duk ramin da ake bukata, sai a tura shi cikin murhu mai zafin da ya haura digiri 600, a fito da shi a hura masa iska mai ƙarfi ta fuska biyu. Fatar waje ta riga ta daskare, cikin yana da sauran zafi. Da cikin ya zo hucewa yana tsukewa, sai ya ja fatar ya matse ta tamau. Ka ɗauke shi kamar damin gero da aka ɗaure da igiya: muddin ɗaurin na nan, ka jefa shi daga kan amalanke ba abin da zai same shi, amma da an tsinke igiyar sai ya watse gaba ɗaya. Wannan matsi ne ya sa ya fi ɗanye ƙarfi sau huɗu zuwa biyar, shi ne kuma ya sa in ya tashi fashewa yake rugujewa ya zama ƴan tsakuwoyi kamar tsabar masara. Duk wanda ya taɓa ganin gilashin gefen mota ya fashe a tasha ya ga irinsa. Tsakuwoyin suna iya ƙwarzanar mutum, ba na ɓoye wannan, amma ba sa tsinke jijiya. Tsofaffin ma'aikata a nan suna ce masa sekurit, daga sunan da kamfanin Saint-Gobain na Faransa ya sa wa nasa tun 1929.

Akwai wata falalarsa da ta shafe mu kai tsaye. Ɗanyen gilashi yana iya tsagewa in bambancin zafi tsakanin wani sashe nasa da wani ya kai wajen digiri 40, gasasshe kuwa yana jure har kusan 200. A watan Disamba da Janairu, da asuba, gilashin banɗaki ya kwana cikin sanyin hunturu, uwargida ta sauke tukunyar tafasasshen ruwa ta juye a bokiti a gindinsa, ruwan ya fallatsa. Wannan kaɗai ya ishi ɗanye ya tsage ba wanda ya taɓa shi.

Rauninsa a baki yake da kusurwa. Gilashin da za ka naushi tsakiyarsa bai motsa ba, ɗan bugu kaɗan da bakin bokitin ƙarfe a kusurwa sai ya zube. Kuma da zarar ya fito daga murhu an gama: ba a yanka shi, ba a huda shi, ba a rage masa ko milimita ɗaya. Riƙe wannan da kyau, domin a kansa sauran matakan suka dogara.

Na uku shi ne mai leda a tsakiya, irin na gaban mota. Fallen gilashi biyu ne aka manne da wata leda mai yauƙi da ake kira PVB. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan Faransa, Eduwar Benediktus, shi ya yi rajistar dabarar a 1909, bayan wata kwalbar ɗakin bincikensa mai busasshen sinadari a jikinta ta faɗi ta tsattsage ba ta tarwatse ba. Haka wannan gilashi yake: ya tsage kamar saƙar gizo-gizo, amma gutsattsarin suna manne da ledar, ramin bai buɗe ba. A takardar ciniki za ka ga lambobi irin 33.1 ko 44.2. Lambobi biyun farko kaurin kowane falle ne, ta ƙarshe yawan ledar, kowace leda kuma milimita 0.38 ce. Ke nan 33.1 kaurinsa 6.38, shi kuwa 44.2 kaurinsa 8.76. Ledar tana tare kusan duk hasken rana mai kashe launin labule da darduma, tana kuma rage ƙarar titi.

Sai wasu biyu da sunansu ko kamanninsu ke yaudarar mutane. Gilashi mai ragar waya a ciki, wanda ake gani a tsofaffin ofisoshi, ido yana ganin waya sai zuciya ta ce ƙarfi. Alhali wayar rage masa ƙarfi take yi, ya fi ɗanye mai kaurinsa saurin fashewa, kuma hannun da ya faɗa ciki waya ce za ta riƙe shi tsakanin tsinaye. An yi shi ne don ya tsaya a wurinsa lokacin gobara, ba don jikin mutum ba. Ɗayan kuma mai rabin gashi ne: ya shiga murhu, amma an huce shi da sauƙi, ƙarfinsa ninki biyu na ɗanye, fashewarsa kuwa manyan wuƙaƙe. Mai sayarwa zai rantse maka ya shiga wuta, kuma gaskiya ya faɗa, amma ba na banɗaki ba ne.

Akwai kuma roba mai kama da gilashi, pleksi da polikarbonat. Ba su da nauyi, na biyun ma da wuya ya fashe. Matsalarsu a garinmu ƙura ce. Yashin da iska ke kawowa yana karce su, shekara ɗaya biyu sai su dushe, wanda ba a yi masa rufin kariyar rana ba kuma ya koma ruwan ɗorawa. Duk da haka, wanda aljihunsa bai kai gasasshe ba, na fi so ya sa roba da ya sa ɗanye.

Mataki na biyu: wanne za a sa a ina

Ƙofar wanka da shingenta, gasasshe. A Amurka doka ce tun 1977 cewa sai gilashin kariya ake sa wa ƙofar wanka, Turai ma tana da ƙa'idarta a kan haka mai lamba EN 14428. Wani zai ce, tunda mai leda ba ya zubewa, me ya hana a sa shi? Abu biyu. Ruwan da ke kwanciya a bakinsa kullum yana shiga tsakanin fallen, ledar ta fara saki, ka ga fari-fari yana cin gefe. Sannan fallensa ɗanyu ne, in aka huda su aka matse da hinji sai su tsage daga ramin. Akwai wanda aka gasa fallen biyu sannan aka manne, ya haɗa alherin duka, amma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidaje.

Duk abin da ke saman kai, ko wanda ke tare mutum daga faɗowa, wato rumfar gilashi da shingen baranda a gidan sama da gefen matakala, mai leda ne nasa. Gasasshe in ya fashe a baranda, nan take wurin ya zama fili, yaro na iya bi ta nan. Shagon waya, kantin magani, teburin mai sayar da zinari a kasuwar Dole, su ma mai leda, daga 44.2 zuwa sama, domin ɓarawo zai tsaga shi amma sai ya ɓata lokaci yana dukan leda, ƙarar kuma ta tashi maƙwabta. Saman tebur da ƙofar falo mai zamewa, gasasshe. Babbar taga mai duhun launi da ke kallon yamma, wadda ranar Afrilu da Mayu ke gasa rabinta rabin kuma yana cikin inuwar katanga, ita ma gasasshe, saboda irin wannan bambancin zafi ne ke tsaga ɗanye daga gefe.

Ga wani ma'auni da nake aro daga dokar ginin Ingila, don ya yi daidai da hankali: duk gilashin da ke ƙasa da santimita 80 daga daɓe, da duk wanda ke jikin ƙofa har tsayin santimita 150, ya zama na kariya. A gidajenmu da ake zama a tabarma, yara na rarrafe da guje-guje a falo, wannan ma'auni ya fi dacewa da mu fiye da masu shi. Ƙananan tagogin sama da hannu ba ya kai wa, ɗanye ya wadatar, kada kowa ya sa ka kashe kuɗin banza a kansu.

Mataki na uku: tambayi banɗakin kafin ka tambayi farashi

Gilashi yana da nauyin kilo 2.5 a kowace murabba'in mita, a kowane milimita na kauri. Ƙofa mai faɗin santimita 70 da tsayin 190, in kaurinta 6 ne za ta kai kilo 20, in 8 ne kusan 27, in 10 ne 33. Duk wannan nauyi a kan hinji biyu zai rataya, ana buɗewa ana rufewa shekara da shekaru. To wane bango ne zai riƙe? Ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti, irin na gidaje da yawa a Birni da Zango, ba zai riƙe ba, kusoshin za su yi ta sassautawa har ƙofar ta sunkuya kusurwarta ta daki karo. Bulo mai rami ma sai an cika ramin da kankare a layin da hinji zai zauna, kuma lokacin gini ake yin haka, shi ya sa nake roƙon masu gini su kira mai gilashi tun magini bai tashi ba. In bango ba shi da ƙarfi, a yi ƙofa mai firam na alminiyon da gilashin milimita 5 ko 6, nauyin ya sauka a ƙasa. Ƙofa marar firam, wadda aka fi sha'awa yanzu, tana son milimita 8 ko 10 da bango na gaske.

Sai maganar ruwa, wadda duk ɗan Damagaram ya san ta. Gida nawa ne famfon sama ke zuba kullum? Yawancinmu, har masu sababbin gidaje, da bokiti muke wanka mafi yawan kwanakin shekara, ruwan ƴan ga-ruwa ko na tanki. Mai wanka da bokiti yana bukatar wurin tsuguno, wurin ajiye kujera, da ƙofar da zai shige da bokiti cike ba tare da ya goga bakin gilashi ba. Ɗan akurkin nan na santimita 80 da ake gani a hotuna an yi shi ne don mai tsayuwa ƙarƙashin famfo. Ga mai bokiti, shawarata ita ce falle ɗaya kafaffe, marar hinji, mai faɗin santimita 80 zuwa 100, ya raba wurin wanka da masai, a bar mashiga a buɗe. Ya fi araha, ya fi daɗewa, ba abin da ke motsi balle ya lalace. Sau da yawa na rage wa kaina ciniki da wannan shawara, kuma ban yi nadama ba.

In akwai dattijo a gidan, a kafa mariƙin ƙarfe a bango. Mai alwala in ya zo wanke ƙafa dole ya dafa wani abu, in bai sami mariƙi ba gilashin zai dafa.

Mataki na huɗu: awo

Ba a awo sai an gama karo, ƙasa da bango, ya bushe. Kaurin karo da simintinsa yana cin santimita biyu ko fiye, wanda ya auna kafin nan ya sayi gilashin da ba zai shiga ba, kuma ka tuna ba a rage shi.

Auna faɗi a wuri uku, ƙasa da tsakiya da sama, ka rubuta duka ukun da milimita, ba santimita ba. Ɗora ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a jikin kowane bango ka ga ko a miƙe yake. Da wuya ka sami bangon da bai karkata ba. In karkatar ba ta wuce milimita 5 ba, roba da silikon za su rufe. In ta wuce, ko dai a sa sandar alminiyon mai kwari a bango wadda gilashin zai shige cikinta ta haɗiye bambancin, ko a zana wa masana'anta siffar yadda take a yanko shi a karkace. Duba ƙasa kuma: ta gangara wajen magudana da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, in ba haka ba ruwa zai bi ƙarƙashin ƙofa komai kyanta.

Ƙofa ta buɗe waje, ko ta buɗe ta fuska biyu. Dalili: wanda jiri ya ɗauka ya faɗi a ciki, jikinsa zai tokare ƙofar da ke buɗewa ciki, masu ceto su rasa hanya. Gwada da kwali ko sanda ka ga in ta buɗe ba za ta daki masai ko wurin wanke hannu ba. A bar tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakaninta da bango, kamar 10 a ƙasa don robar tare ruwa, a kuma bar sarari a sama tururi ya fita.

Sayi hinji da mariƙin ƙofa kafin ka ba da odar gilashi, domin da su ake zana ramuka. Ƙa'idar ramin ita ce: faɗinsa kada ya gaza kaurin gilashin, nisansa daga baki ya kai ninki biyu na kaurin, daga kusurwa kuma ninki shida. A gilashin milimita 8, ke nan 16 daga baki, 48 daga kusurwa. Ƙarfen ya zama inoks, wato farin ƙarfen da ba ya tsatsa, ko tagulla mai rufi, ka duba kwalinsa ka ga kilo nawa yake ɗauka. Wanda maganaɗisu ya kama gam, sau da yawa baƙin ƙarfe ne aka shafe, damina ɗaya zai yi tsatsa.

Mataki na biyar: oda, da gane na gaske

Murhun gasa gilashi injin masana'anta ne, ba kayan shagon bakin titi ba. Oda ake bayarwa, kaya su biyo ta Kano su shigo ta Matamaye ko Magarya, ko su taso daga Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Saboda haka sai an yi haƙurin makonni. Ko kuma a sayi wanda aka riga aka haɗa a kwali da awonsa, a sa magini ya gina wurin daidai da shi, wanda sau da yawa shi ya fi sauƙi.

Ga gwajin da ya fi kowanne, kuma ba ya bukatar ilimi: in mutum ya ce maka gasasshe ne, sannan ya ɗauko abin yanka ya ja layi ya ɓalle shi a gabanka, ko ya ce ka dawo da la'asar ya rage maka shi, to ɗanye ne. Ba na cewa duk mai yin haka macuci ne, ni kaina na yi shi cikin rashin sani. Amma kai dai kada ka karɓa.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, a rubuta a takarda: irin gilashin, kaurinsa, awonsa da milimita, zanen ramuka, gogaggen baki ta kowane gefe, da wanda zai ɗauki asara in ya fashe a hanya. In kana son wanda ba a hango mutum ta cikinsa, saboda sutura a banɗakin da yara ke shiga, faɗa tun yanzu a yi masa hazo a masana'anta, kuma fuskar mai kaushi ta kalli waje don kada sabulu ya maƙale mata.

Da kaya sun iso, duba kusurwa. Na gaske yana ɗauke da tambarin da ba ya gogewa da farce, mai sunan masana'anta da kalmar Trempé ko Tempered ko Toughened, tare da lamba irin EN 12150 ko ANSI Z97.1. Takardar manne ba tambari ba ce. Lambar EN 12150 ta Turai tana nufin an gwada irinsa, an fasa, an ƙirga aƙalla gutsure 40 a cikin murabba'in santimita 5 da 5. Shafa bakin da yatsa a hankali, ya zama sumul. Sannan ka sami tabarau mai tace ƙyalli irin na direbobi, ka fitar da gilashin rana ka duba ta cikinsa kana karkata kai: gasasshe zai nuna tabo-tabo ko layuka masu duhu, sawun iskar da aka hura masa, ɗanye kuwa fes. Mai leda ana gane shi ta baki, za ka ga siririn layi tsakanin falle biyu, in ka ƙwanƙwasa kuma ƙararsa a dakushe take.

Wani abu da ya kamata ka sani tun kafin ya faru: jefi-jefi gasasshen gilashi yakan fashe shi kaɗai, da tsakar dare ma, ba wanda ya taɓa shi. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba. Wani ɗan ƙwayar sinadari ne, nikel salfaid, da ido ba ya gani, yake kumbura a hankali a cikinsa har ya tsinke ɗaurin nan. Manyan masana'antu suna sake mayar da gilashin wani murhu na awa biyu a zafin da ya haura digiri 250 don mai wannan cuta ya fashe tun a can. Lambar wannan gwaji EN 14179. In za a samu, ya cancanci ƙarin kuɗin. Amma a abin da na gani da idona, mafi yawan fashewar da ake cewa ta haka kawai ce, asalinta ɗan ɓallin baki ne da aka yi wajen ɗauka ko wajen ɗorawa.

Mataki na shida: ɗauka da ɗorawa

A tsaye ake ɗaukar gilashi, a ɗan jingine, ba a kwance ba. Wanda aka kwantar a bayan mota ko adaidaita, kowane rami a titi lanƙwasa shi yake. A sa katako ko tsohuwar taya a ƙarƙashi, bargo tsakanin falle da falle, kwali a kusurwa huɗu, kuma kada a cire kwalin sai an zo ɗorawa. A cikin gida kada a taɓa dire shi kan karo ko siminti, ko na daƙiƙa ɗaya. Mutum biyu ke ɗauka, da safar hannu da takalmi rufaffe. Kullum ina gaya wa yaran shagona: ku kalli kusurwar baya, ita ce ke dukan bakin ƙofa.

Kafin a huda bango a tambayi mai aikin famfo inda bututu ya bi. A huda karo a hankali ba tare da bugun inji ba, ana ɗiga ruwa, sai an wuce karon a shiga bulo. A fara kafa falle marar motsi, a daidaita shi da ma'auni, a ɗaure samansa da sandar ƙarfe zuwa bango in ba ya kai rufi. Sai a ɗora ƙofa a kan ƴan katakai masu kaurin tazarar ƙasa, a ɗaura hinji.

Doka ɗaya ce a nan ba ta da sassauci: ƙarfe ba ya taɓa gilashi. Tsakanin hinji da gilashi akwai roba, cikin kowane rami akwai zoben roba, ƙarƙashin kafaffen falle akwai ƴan dakalin roba. In ɗaya ta ɓace, a tsaya a nemo, kada a ce ba komai. Da hannu ake ɗaure kusoshin hinji, kaɗan a nan kaɗan a can har su kama daidai, ba da inji ba. Bayan haka a cire katakan, a buɗe a rufe sau goma ana kallon kusurwar ƙasa. Silikon ya zama na banɗaki mai hana baƙin danshi. Irin mai warin tsami ba ya shiri da mai leda ko madubi. A bar shi awa 24 ba ruwa. Bayan wata ɗaya a dawo a ƙara ɗaure hinji, domin roba takan kwanta.

Kula da shi, da gyaran abin da ya riga ya wuce

Ruwan rijiya da na burtsatse yakan bar farin tabo in ya bushe a jikin gilashi. Maganinsa mafi araha shi ne a share ruwan da abin jan ruwa mai bakin roba bayan kowane wanka. In tabon ya riga ya kama, ruwan lemun tsami ko binega a gauraya da ruwa, a shafa, a bar shi minti biyar, a ɗauraye, amma kada ya kwana a kan ƙarfe. Lokacin hunturu a fara watsa ruwa ƙurar ta sauka kafin a sa tsumma, don goga busasshiyar ƙura daidai yake da goga yashi. Soson ƙarfe da toka na tukunya ne. Duk ƴan watanni ka duba baki da kusurwa. In ka ga ɓalli, ko ƙofa ta fara jan ƙasa, a daina amfani da ita har mai gyara ya zo.

Wanda ya karanta wannan ya gane ƙofar da ke gidansa ɗanya ce, abin da ya fi shi ne ya kwance ta yau ya rataya labule, har Allah ya hore na gaske. Akwai leda mai mannewa da ake shimfiɗa wa gilashi don ta riƙe gutsattsari, tana da amfani ga tagogin falo da na ɗakin yara, amma a wurin da ruwa ke zuba kullum gefenta yakan ɗago, ban yarda da ita a matsayin maganin dindindin ba.

In gasasshe ya zube kana ciki, tsaya inda kake, kada ka taka. Kira a miƙo maka takalmi da tawul a shimfiɗa a ƙasa. Tsakuwoyin da suka hau jiki da ruwa ake zubar da su, ba a gogewa da hannu. A share da tsintsiya, a bi da jiƙaƙƙen tsumma, a duba magudana. In kuwa ɗanye ne ya yanki mutum, a danne ciwon da tsumma mai tsabta da ƙarfi, a ɗaga hannun ko ƙafar sama, kada a zuba toka ko ƙasa ko garin magani. In tsinin yana cikin nama kada a zare shi, shi ke toshe jinin; a tallafe shi da tsumma ta gefe biyu, a ɗaure, a nufi asibiti nan take.